Allurar da Zafi ke Kashewa: Tarihin Feftayid daga Jamus zuwa Kurya Madaro

1/ ZARE ne mai tsawo yau, ku gyara zama. 🧵

Abu uku zan jera muku: allurar da ake yi wa mace da zarar ta haihu don a tare jini, insulin ɗin masu ciwon suga, da wani farin gari da masu bincike ke saya da dala su ɓoye a firiza. Su ukun dangi ɗaya ne. Sunan gidansu feftayid, kuma maƙiyinsu ɗaya, zafi.

2/ Ni ɗan Kurya Madaro ne, a ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda, sana'ata kuma aikin ɗakin gwaje-gwaje. Duk wanda ya yi bazara a yankinmu ya san watan Afrilu: rana ta haura digiri 40, ɗaki ya koma tanda, wutar NEPA kuwa sai ta ga dama. Zan ba ku tarihin yadda aka gano waɗannan sinadarai, da faman da ake yi a kawo su irin garuruwanmu da ransu.

3/ Mu fara da ma'ana. Ku ɗauki carbi. Kowace ƙwaya ita ce ake kira amino asid, kuma iri 20 ne jiki ke gini da su. In aka jera ƙwayoyi kaɗan, daga 2 zuwa wajen 50, an sami feftayid. In jerin ya yi tsawo ya naɗe kansa, ya zama furotin. Sirrin yana cikin jerin. Ƙwaya ɗaya ta sauya, ko igiya ta tsinke a wuri guda, to aiki ya tashi.

4/ A 1901, a birnin Berlin na Jamus, Emil Fischer da abokin aikinsa Ernest Fourneau suka haɗa ƙwaya biyu da hannunsu a ɗakin gwaji. Biyu kacal. A 1902 Fischer ya raɗa wa abin suna. Ku lura da lokacin, shekara guda ke nan kafin sojojin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903. Sai a 1907 ya iya jera 18, kuma a wancan zamani wannan ba ƙaramar bajinta ba ce.

5/ A 1906, a Landan, Henry Dale ya tatso ruwan wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda a jikin mutum bai wuce ƙwayar wake ba, ya yi wa kyanwa allurarsa. Sai mahaifarta ta murɗa ta tsuke. A 1909 likita William Blair-Bell ya yi amfani da shi kan matan da jini ya ɓalle musu bayan haihuwa. Daga baya aka kira sinadarin oksitosin, daga Girkanci, wato haihuwa da sauri. Shi ne muke ce wa allurar naƙuda.

6/ Sai 1921, a Toronto ta Kanada. Frederick Banting da ɗalibi Charles Best suka ciro insulin daga jikin karnuka, James Collip ya tace shi. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, wanda suga ta riga ta ƙarar da shi. Ya tashi. Kafin wannan rana, yaron da irin wannan suga ta kama, kwana kawai ake ƙirga masa.

7/ Shekara 60 bayan nan, daga kayan cikin shanu da aladu ake tatso insulin, a manyan mahautan Amurka da Turai. Sai a 1982 aka fara sayar da wanda ƙwayoyin bakteriya ke haɗawa bayan an dasa musu tsarin halittar ɗan'adam. Irin wannan ne ya cika kasuwa yanzu. Masu tambayata ko akwai alade a ciki, ga amsarku nan.

8/ Mu leƙa gida. A 1929 layin dogo ya iso Ƙauran Namoda daga Zariya ta Gusau, a nan kuma ya tsaya. Me aka shimfiɗa shi ya ɗauka? Gyaɗa, auduga, fatu da ƙiraga. Duk kayan da za su kwana bakwai a tarago cikin rana ba su ce uffan ba. Hanyoyinmu da rumbunanmu da kasuwanninmu duka don busasshen kaya aka tsara su. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

9/ A Cambridge ta Ingila, Frederick Sanger ya shafe kusan shekara 10 yana kwance carbin insulin ɗaya bayan ɗaya, har ya kammala a 1955: ƙwaya 51 ne a igiya biyu. A Amurka kuma, a 1953, Vincent du Vigneaud ya gano oksitosin ƙwaya 9 ne kacal, ya kuma haɗa shi daga farko har ƙarshe a ɗakin gwaji. Shi ya karɓi kyautar Nobel a 1955, Sanger a 1958.

10/ Amma haɗin na cin rai. Duk ƙwayar da ka ƙara sai ka tsaya ka tace, a kowace tacewa kuma sai wani abu ya zube. A 1963 Bruce Merrifield na cibiyar Rockefeller a New York ya zo da dabarar da duk masaƙi zai gane: ka ɗaure bakin zare a turke tukuna. Ya maƙala ƙwayar farko a jikin wani ɗan dunƙulen roba, ya ƙara ta biyu, ya wanke datti, ya ƙara ta uku. Zaren na nan a kafe, ba ya bin ruwan wanki.

11/ Da wannan dabara aka ƙera injin da ke yin aikin da kansa. A 1969 Merrifield da abokin aikinsa suka jera 124. Ya sami Nobel a 1984. Daga nan feftayid ya zama haja. Kamfanoni irin su Bachem na Switzerland, wanda aka kafa a 1971, da GenScript da Sigma-Aldrich suna karɓar oda. Ka rubuta jerin da kake so cikin haruffa, ka faɗi miligiram nawa da irin tsabtar da kake buƙata, ka biya, a haɗa maka.

12/ To yanzu ga yadda saye yake a wajenmu masu lab. Abu na farko takardar shaida. Duk kwalbar kirki tana zuwa da sakamakon gwaji biyu na wannan rukunin da aka haɗa maka. Na'urar HPLC ta nuna kashi nawa cikin 100 ne abin da ka yi oda, ɗayar na'urar ta auna nauyin ƙwayar ta tabbatar jerin daidai ne. Lambar da ke jikin takarda dole ta zo ɗaya da ta jikin kwalba. Babu takarda, babu ciniki.

13/ Akwai wani tarko da ke kama sababbin hannu. An rubuta tsabta kashi 95, sai mutum ya ɗauka duk garin da ya auna feftayid ne. A'a. Wani ɓangare na nauyin gishiri ne da laima da suka maƙale tun wajen haɗawa. Kamar ka sayi tiyar gero da ƙaiƙayinta ne: geron mai kyau ne, amma in ka sheƙe ba zai cika tiya ba. Wanda bai cire wannan a lissafi ba, awonsa duka ya karkace.

14/ Sai ajiya. Kamfani na aiko shi a busasshe, an daskarar da shi an zuƙe ruwan. A haka yana da juriya, zai iya kwanaki a hanya. Da ya iso sai firiza, digiri 20 ƙasa da sifili, in ajiyar shekaru ce a kai 80 ƙasa da sifili. A rufe shi ruf, a kare shi daga haske. Wasu ƙwayoyin, irin su metiyonin da sistin da tiriftofan, iska kaɗai na ɓata su.

15/ Kun ga yadda kwalbar lemo mai sanyi ke zufa in an fito da ita? To haka kwalbar feftayid. In ka buɗe ta da sanyinta, laimar iska za ta faɗa cikin garin. Sai ka bar ta a rufe ta huce tukuna. In kuma ka narkar da shi a ruwa, ka raba shi ƙanana-ƙanana, kowace kwalba ta aiki ɗaya. Daskarewa da narkewa, daskarewa da narkewa, shi ke kashe shi. Yanzu ku gaya mini, me firiza ke yi a garin da ake ɗauke wuta kullum?

16/ Na taɓa jiran wani saƙo da aka turo a narke, cikin kula da ƙanƙara. Ya sauka a filin jirgi, takardu suka riƙe shi, ya kwana biyu a tasha, sannan ya hau mota. Da na buɗe kular, ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi irin na wankan jego. Kwalbar kuwa tas da ita, ba ta sauya launi ba, ba ta yi wari ba. Kyan ɗan maciji ke nan.

17/ Nan ne abin ke da ciwo ga mai bincike. Ɗalibi ya tara kuɗin da iyayensa suka sayar da amfanin gona, ya canza su dala, ya sayi miligiram 5. Ya yi wata shida yana gwaji, sakamako ya ce babu komai. Shin tunaninsa ne bai yi daidai ba, ko kayan aikin ne suka mutu a hanya? Ba shi da na'urar da zai tantance. Sai ya rubuta kundi a kan gawa, a sa masa hannu.

18/ Asarar lab ta kuɗi ce da lokaci. Mu shiga ɗakin haihuwa, inda asarar ta rai ce.

Bayan mabiyiya ta fita, inda ta ɓanɓaro a jikin mahaifa yakan zama buɗaɗɗen rauni mai jijiyoyin jini. Abin da ke tsayar da jinin shi ne mahaifa ta tsuke ta matse su. Oksitosin ne ke ba ta wannan umarni. Shi ya sa ake yi wa mace allurarsa cikin minti ɗaya da fitowar jariri.

19/ A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zubar jini bayan haihuwa na kashe mata kusan 70,000 a shekara, kuma shi ne kan gaba a sanadin mutuwar masu haihuwa. A ƙiyasin 2020, Najeriya kaɗai ta rasa mata kusan 82,000 a kan ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. In jini ya ɓalle sosai, awa biyu ta isa a rasa mace mai lafiya.

20/ Oksitosin a ruwa yake zuwa, ba a gari ba. Ƙwayarsa ta 1 da ta 6 suna riƙe da juna da wata 'yar gada, wadda ta sa shi ya zama kamar zobe mai wutsiya. Zafi na karya wannan gada, ya kuma sa ƙwayoyin su cure da juna. Tun 1993 binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna wanda ya shekara a firji bai rage ƙarfi ba, wanda ya shekara a digiri 30 kuwa ya rasa wajen kashi 14. A digiri 30 fa. Kantar kemis a Ƙaura cikin Afrilu digiri nawa ce?

21/ A 2018 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi tare da NAFDAC. An tattaro allurar oksitosin daga shiyyoyi shida na Najeriya aka auna. Kashi 74.2 cikin 100 sun faɗi gwajin. Wato a kwalba huɗu, kusan uku ba su da adadin maganin da aka rubuta a jikinsu. Ku tambayi ungozomomin asibiti me ya sa wasunsu kan fasa kwalba biyu ko uku a kan mace ɗaya. Hannunsu ya daɗe da gaya musu abin da lab ya zo ya tabbatar.

22/ Har rubutun jikin kwali ya taimaka wajen rikita mutane. Wani kamfani ya ce a sa a firji, wani ya ce a ajiye ƙasa da digiri 25, mai kemis ya ga haka ya jera a kanta. Sai a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da UNFPA suka fitar da matsaya guda: oksitosin ya zauna a digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har ɗakin haihuwa. Tun 2015 ma an amince a sa shi a firjin allurar rigakafi, matuƙar an ware shi an yi masa alama.

23/ Bari in tsaya in yi kira, don wannan na faruwa a ƙauyukanmu. Allurar naƙuda ba ta gida ba ce. In aka danna wa mace ita jariri na ciki, ba awo ba mai lura, mahaifa na iya murɗawa har ta fashe, ko numfashin jariri ya yanke. Amfaninta babba bayan fitowar jariri ne. Kafin nan sai a asibiti, cikin ƙarin ruwa, ana ƙirga ɗigo. Don Allah a isar wa iyayenmu mata.

24/ Akwai jabu, akwai kuma lalatacce, kowanne da tarihinsa. A 1988 wata matashiya mai suna Vivian ta rasu bayan an yi mata insulin na jabu. Yayarta ita ce Dora Akunyili, wadda ta karɓi ragamar NAFDAC a 2001, hukumar da aka kafa a 1993. Yaƙin da ta yi da 'yan jabu kowa ya san shi, har harbin motarta aka yi a 2003. Sai dai magani na iya fitowa daga kamfanin gaske, da lambar hukuma, rana ta kashe shi tsakanin Legas da Gusau. Wannan ɓarawon ba ya kamuwa.

25/ Duniya ta bi hanya biyu. Ta farko, a kai sanyi inda babu shi. A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin rigakafin yara, da shi aka gina jerin firji da kula daga masana'anta zuwa ƙauye: firjin kananzir, na gas, yanzu na sola. A 1996 aka fara liƙa wata 'yar alama a kwalbar ɗigon shan-inna, murabba'i a cikin da'ira, wadda ke yin duhu in zafi ya yi yawa. Ma'aikaci ya duba da ido ya san ta mutu. Yawancin kwalaben oksitosin da ke kasuwarmu ba su da ita.

26/ A wannan hanya akwai namu. Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, ɗan gidan maginan tukwane. A shekarun 1990 ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska na busar da shi, yana tafiya da zafin. Ya sami kyautar Rolex a 2000. Hikimar randar kakanninmu ce ya ɗaukaka.

27/ Kuma masana sun auna ta a kan insulin. A 2016 aka buga gwajin da aka yi a Khartoum ta Sudan, inda aka tara tukwanen ƙasa na ƙasashe daban-daban har da salkar fatar akuya, aka ga suna sauke zafi ƙwarai. A 2021 Jami'ar Geneva da ƙungiyar likitoci ta MSF suka kwaikwayi yanayin sansanin Dagahaley na Kenya, digiri 25 da dare, 37 da rana. Insulin ɗin da aka buɗe ya yi mako 4 da ƙarfinsa.

28/ Don haka mai suga a Kurya ko Zurmi da ba shi da firji, kwalbar da yake amfani da ita a wannan wata zai iya sa ta a leda ya ɗaure, ya ajiye a irin wannan tukunya a inuwa. Amma a san iyakarta. Tukunya ba ta kai digiri 8, kuma da damina, in iska ta jiƙe, aikinta na raguwa. Ba ta isa ajiyar oksitosin na watanni ba, balle garin lab. Kuma kar a sa insulin a firiza. In ya daskare ya tashi daga aiki.

29/ Hanya ta biyu, tunda ba a iya sauya rana, a sauya maganin. Makiyaya ne suka fara cin moriyarta. Bushiya ta sha share garken Fulani, tun annobar shekarun 1890 har ta farkon shekarun 1980, kuma tun 1924 cibiyar Vom ke fama da ita. Rigakafin na nan, amma sai da sanyi, shanu kuwa suna daji. A ƙarshen shekarun 1980 Jeffrey Mariner da abokan aikinsa suka gyara busar da shi har ya iya wata guda ba firji. A Nijar aka gwada shi a kan shanu. A 2011 aka shelanta bushiya ta ƙare a duniya.

30/ Haka rigakafin sanƙarau na MenAfriVac, wanda aka yi a Zamfara a 2011. A 2012 aka amince zai iya kwana 4 a zafin digiri 40 ba ƙanƙara. Mu da muka ga sanƙarau ɗin da ya faro daga Zurmi a ƙarshen 2016, duk da shi wani nau'in ne daban, mun san darajar allurar da za ta iya hawa babur ta kai ƙauye da ranta.

31/ To oksitosin ma an yi masa ƙane, sunansa kabetosin. Masu haɗawa sun sauya waccan gada mai rauni da wadda ta fi ƙarfi, kamfanin Ferring kuma ya gyara ruwan da ake zuba shi a ciki. Yana shekara 3 a digiri 30, wata 6 a digiri 40. A 2018 aka buga gwajinsa a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe 10, har da Najeriya. Wajen hana zubar jini ya yi kafaɗa da oksitosin mai rai. A 2019 ya shiga jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya.

32/ Sai dai kama da wane ba ta wane. Kabetosin na rigakafi ne, sau ɗaya bayan haihuwa. Ba a tayar da naƙuda da shi. In kuma jini ya riga ya ɓalle, har yanzu ana komawa kan oksitosin da sauran magunguna. Saboda haka tsugune ba ta ƙare ba, firji na nan da aikinsa.

33/ A nan dole in ambaci Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, wadda ta jagoranci ɓangaren Najeriya na binciken E-MOTIVE da aka buga a 2023. Asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 200,000. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace a ga yawan jinin da ido, sai a haɗa mata taimako gaba ɗaya: murza mahaifa, oksitosin, maganin daskarar da jini, ƙarin ruwa. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo ta sun ragu da kashi 60.

34/ Me ya sa wannan ya fi damun mu 'yan arewacin Zamfara? Saboda hanya. A garin da ke da tsaro, in allura ta ƙi aiki sai a sa mace a mota. Mu kuwa, wa zai hau hanyar Shinkafi ko ta Zurmi da ƙarfe biyun dare a wannan zamani? Ko da MSF na taimakawa a asibitocin Shinkafi da Zurmi, sai ka isa tukuna. Kwalbar da ke hannun ma'aikaciyar ƙauye a wannan dare, sau da yawa ita ce asibitin gaba ɗaya.

35/ Ga kuma sabon salo da ya shigo ta waya. Tun da aka amince da Ozempic a Amurka a 2017, wanda shi ma feftayid ne, kasuwar allurar rage ƙiba da gina jiki da gyaran fata ta buɗe a intanet. Za ka ga an rubuta da Turanci a jikin kwalba cewa ta bincike ce kawai. Ma'anar rubutun ita ce ba a tabbatar babu ƙwayoyin cuta a ciki ba, ba a gwada ta a jikin mutum ba, kuma in ta illata ka babu wanda za ka kama.

36/ Garin da nake saya don gwaji a faranti, ko tsabtarsa ta kai kashi 99, ba zan bari a tsira wa ɗan'uwana shi ba. Ma'aunin lab daban, na asibiti daban. Ko mai sunan kamfanin ma ana yin jabunsa: a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka kama a Brazil da Birtaniya da Amurka. In an kama a can, ina ga wanda aka turo maka ta tasha a cikin ambulan?

37/ Mu koma kan layin dogon 1929. Har yau da tunanin busasshen kaya muke ciniki. Muna tambayar farashi da ranar ƙarewar wa'adi, ba ma tambayar a ina kayan suka kwana. Ranar da ke jikin kwali alkawari ne mai sharaɗi, sharaɗin kuwa shi ne an ajiye shi yadda aka ce. In an karya sharaɗi, ko saura shekara biyu a rubuce, alkawari ya warware.

38/ Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙaura tun 1983, da Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013, yaranmu na karanta kimiyyar lab. Shawarata ga duk mai kasafin kuɗin ɗakin gwaji ko asibiti: kafin babbar na'urar da za a yanke wa kyalle a ɗauki hoto, a fara da firji da firiza masu sola, da ma'aunin zafi, da littafin da ake rubuta awo safe da yamma. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

39/ Kai kuma maigida, in an rubuta maka allurar haihuwa ka sayo, ka ga da idonka daga firji aka ciro ta, kuma firjin na aiki. Ka kai ta cikin kula ko kwanon sha mai ƙanƙara, a naɗe a tsumma don kar ta daskare. Ke mai ciki, ranar awo ki tambaya ko suna da kabetosin, in babu, a ina suke ajiye oksitosin ɗinsu. Tambayar ba rashin kunya ba ce, haƙƙinki ne.

40/ Nan zan dasa aya. Ungozomomi da masu lab da masu kemis da ke nan, musamman na Ƙaura, Shinkafi, Zurmi da Birnin Magaji, ku faɗa mana a ƙasa yadda kuke ajiye naku in wuta ta kwana uku babu. Mu ƙaru da juna.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka tafi a kan gwiwa, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara. Amin. 🤲